Muhawara: Shin Zamanin Motar Tsere Mai Araha Ya Wuce?

Malam Nuhu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. Ra'ayina shi ne zamanin motar tsere mai araha ya wuce, kuma kamfanonin ƙera motoci ne suka kashe shi da hannunsu saboda kwaɗayin riba. Ba motar da ake shiga gasa da ita nake nufi ba. Ina nufin ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu, mara nauyi, wadda aka ƙera don jin daɗin tuƙi kawai, wadda ma'aikaci mai matsakaicin albashi a ƙasashen da ake sayar da ita zai iya tara kuɗi ya saya ba tare da ya sayar da gonar gado ba. A 1964 an fito da Ford Mustang a kan dala 2,368. A 1970 an sayar da Datsun 240Z a Amurka a kan dala 3,526. Yau jikar wannan Datsun ɗin, wato sabuwar Nissan Z, ta fara ne daga wajen dala 40,000, kuma da ta fito dillalai sun yi ta ɗora nasu a kai saboda ƙarancinta. A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, a shekarar ce kuma aka rufe babin Audi TT da Ford Fiesta ST. Kowane kamfani ya koma ƙera manyan jif-jif domin a nan ribar take. Wanda yake ganin ba haka ba ne, ina saurarensa.

Injiniya Bilkisu, Malali:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin motocin da aka daina ƙerawa daidai ne, ban da ja a kansa, amma kwatanta farashin da ka yi yana da gyara. Dalar 1970 da dalar yau suna ne kawai ya haɗa su, kamar yadda duk wanda ya san abin da naira ɗaya take saye a zamanin Gowon ba zai ce ita ce nairar da ke aljihunsa yanzu ba. Ka ɗauki Mazda MX-5, wadda ta fi kowace mota dacewa da siffar da ka bayar. An nuna ta a bajekolin motoci na Shikago a watan Fabrairun 1989, aka sa mata dala 13,800. Idan aka yi la'akari da hauhawar farashi a Amurka tun daga lokacin, wannan kuɗin ya kusa dala 35,000 a kuɗin 2024, alhali a 2024 ɗin ana sayar da mafi sauƙin samfurinta a ƙasa da dala 30,000. Ma'ana motar sauƙi ma ta ƙara yi, tare da cewa ta yanzu tana da ƙarfin doki 181, da jakar iska ta kariya, da birkin da ba ya kullewa, da na'urar hana santsi, abubuwan da mai sayen ta farko bai samu yawancinsu ba. Haka Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ: a 2012 an fara da kusan dala 24,000 da doki 200, sabuwar GR86 kuma ta zo a kan kusan dala 28,000 da doki 228 bayan shekara goma. A daidai lokacin da matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka yake wajen dala 48,000 a 2024, ba adalci ba ne a ce motar dala 30,000 ta fita daga sahun masu araha.

Malam Nuhu:
Injiniya, kin zaɓi misalan da suka yi miki daɗi. Ki yi wa Datsun da Mustang irin lissafin da kika yi wa Mazda mu gani. A iya sanina, dala 3,526 ta 1970 ba ta kai dala 30,000 ta yanzu ba, kuma kuɗin Mustang ta 1964 bai wuce wajen dala 24,000 ba, amma yau ba ki samun ko mafi ƙanƙantar Mustang a ƙasa da dala 30,000, mai babban injin kuwa ta haura 40,000. Motoci biyu ko uku da suka rage a ƙasa ba su isa su ƙaryata cewa kasuwar ta yi sama ba.

Injiniya Bilkisu:
Na karɓi wannan, lissafinka daidai ne. Sai dai 240Z doki 151 gare ta, sabuwar Z kuwa 400, don haka sunan ne ya zauna, motar ta canza aji. Inda na rabu da kai shi ne dalilin. Kwaɗayi kaɗai ba ya bayyana abin da ya faru. Ƙera sabuwar mota daga tushe yana cin kuɗi mai yawan gaske, kuma kuɗin nan a kan adadin motocin da aka sayar ake raba shi. Corolla ana sayar da ita da yawan da za a raba kuɗin ba a ji ba, amma MX-5, wadda ita ce ta fi kowace motar tsere mai buɗaɗɗen rufi da kujera biyu kasuwa a tarihi, sai da ta shekara ashirin da bakwai kafin a ƙera ta miliyan ɗaya a 2016. Shi ya sa kusan duk waɗanda suka rage haɗin gwiwa ne ya cece su. GR86 a masana'antar Subaru ake ƙera ta da injin Subaru. Toyota Supra da BMW Z4 uwa ɗaya uba ɗaya suke, a garin Graz na Ostiriya aka haɗa su. Nissan kuwa tsohon ƙashin 370Z ta gyara ta ɗora masa injin Infiniti, wato reshenta na motocin alfarma. Kamfanin da ke neman riba zalla ba zai sha wannan wahalar ba, sai ya rufe layin ya huta. Ga kuma dokoki: sababbin ƙa'idojin kariya na Tarayyar Turai da suka hau kan dukkan sababbin motoci a watan Yulin 2024 su ne suka fitar da GR86 daga kasuwar Turai, duk da cewa kason da aka ware wa Birtaniya a 2022 ya ƙare cikin minti casa'in.

Alhaji Garba, dillalin motoci, Kawo:
Malam Nuhu da Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, amma tun ɗazu kuna ciniki ne a kasuwar da ba mu da rumfa a cikinta. Ni da nake wannan sana'ar, bari in dawo da maganar gida. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Da aka sake ta, kafin a kai tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Motar dala 30,000 ɗin da Injiniya take kira mai araha ta tashi daga kusan naira miliyan 14 ta koma miliyan 45 ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba, kuma wannan kafin kuɗin jirgin ruwa, kafin kwastam, kafin a ɗauko ta daga Legas a kawo Kaduna. Kwastam ɗin ma da farashin dala suke lissafa harajinsu, don haka faɗuwar naira sau biyu take dukan mai saye. Ku raba miliyan 45 da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, za ku samu fiye da shekara hamsin mutum bai ci ba bai sha ba.

Saboda haka ni ban taɓa ganin wanda ya zo wurina neman sabuwar irin wannan motar ba. Abin da ke shigowa tsofaffi ne daga Amurka, da yawa daga cikinsu ma waɗanda suka yi haɗari ne aka saye su a gwanjo aka gyara. Na Japan da na Ingila, waɗanda a can ne suke da yawa kuma da sauƙi, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, doka ba ta yarda da su ba. Hanyar Kwatano kuma a farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. Saurayin da ya zo yana son mota mai gudu, da ya ji farashin Mustang, sai ka ga ya koma kan Accord mai silinda shida ko Mercedes C300, domin su aƙalla idan ya gaji zai samu mai saye cikin mako guda. Mota mai ƙofa biyu kan yi wata shida a fili ana wanke mata ƙura kowace safiya. A wurina ba motar ce ta yi tsada ba, kuɗinmu ne ya yi rauni.

Sadiq, Barnawa:
Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ne ƙarami a cikinku. Ina ganin dukanku kuna makokin abin da lokacinsa ya riga ya ƙare ne. Abin da ya sa ake son motar tsere shi ne ƙarfin tashi, kuma a yau lantarki ya mayar da wannan ƙarfin abu mai sauƙin samu. Motar lantarki ta iyali mai ƙofa huɗu tana iya barin Mustang a baya daga tsayuwa, ba ta buƙatar canjin bakin mai, ba ta da fulogi, ba ta da giya mai hawa-hawa da za ta lalace. Kamfanonin ƙasar Sin suna sauke farashin batir kusan kowace shekara, kuma MG, wadda mallakar wani kamfanin Sin ce, ta riga ta fitar da Cyberster, motar lantarki mai buɗaɗɗen rufi da kujera biyu. Tarayyar Turai ta amince a 2023 da dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sababbin motoci masu fitar da hayaƙi, kuma ko an sassauta ta, alƙiblar ta riga ta bayyana. Mu da muka ga yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, mu ne ya kamata mu fi kowa murna da motar da ba ta shan mai. Motar tsere mai araha ba ta mutu ba, daga Sin za ta dawo, kuma da waya za a cika mata ciki.

Malam Sabo, bakanike, Tudun Wada:
Sadiq ɗana, maganarka da daɗin ji, amma ni abin da ya shigo gareji nake gani. Farashin mota ba ranar saye yake ƙarewa ba, ranar ma yake farawa. Na yi aiki a kan Nissan 350Z da dama, kuma abin da ya sa take rayuwa a garin nan shi ne injinta dangi ɗaya ne da na Murano da Altima da Pathfinder da Infiniti, don haka idan wani abu ya lalace, ka leƙa wurin masu sayar da kayan gyara za ka samu a ranar. Amma an taɓa kawo mini wata 86 da mai ita ya hau tudun rage gudu da ita bai lura ba, ta bugi ƙasa ta fasa kaskon mai. Tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa santimita goma sha uku ce kacal. Aikin da bai wuce na yini ɗaya ba ya zama na wata uku, domin duk garin nan har Kano ba a samu kayan ba, sai da aka yi oda daga waje da dala. Injin nata a kwance yake, silinda biyu ta nan biyu ta can, ko fulogi za ka canza sai ka ɗan ɗaga injin, kuma ba kowane yaro ne a gareji ya taɓa ganin irinsa ba. Ga shi irin waɗannan injinan fetur mai daraja ta sama suke so, mu kuwa iri ɗaya ake zuba wa kowa a gidan mai, da mai Keke Napep da mai Porsche.

To idan motar fetur da muka san kanta tana ba mu wannan wahalar, ina ga wadda babban kaso na kuɗinta batir ne? Masu aikin Panteka za su iya ƙera maka kusan kowane ƙarfe idan ka kai musu samfur, amma ba a ƙera batirin mota da guduma. Kuma ka tuna ba sabuwa za ta zo mana ba. Za ta zo ne bayan ta shekara goma a hannun wani, batirin ya riga ya ci rabin rayuwarsa, sannan ta tarar da zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna. Wutar da za ka cika ta da ita kuma, idan kana layin da ake samun wuta sosai ka san abin da ake biya tun da aka ƙara kuɗin a Afrilun 2024, idan ba ka kan layin kuwa janareta za ka tayar, ka ga fetur ɗin da ka guda ya biyo ka ta bayan gida.

Injiniya Bilkisu:
Zan ƙara wa Malam Sabo hujja ɗaya ta ɓangaren ƙira, domin a nan ne nake ganin Sadiq ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gudu daban, daɗin tuƙi daban. Abin da ya sa MX-5 ta yi suna ba gudu ba ne, domin akwai motocin iyali da yawa da suka fi ta gudu. Rashin nauyi ne. Ta farko ba ta kai tan ɗaya ba, ta yanzu kuma kaɗan ta ɗara tan ɗaya, shi ya sa idan ka juya sitiyari take amsawa nan take, birkinta da tayoyinta ƙanana ne masu sauƙin kuɗi, kuma ba ta shan mai sosai. Rashin nauyin nan shi ne tushen araharta ma. Cyberster da ka ambata ta kusa tan biyu, kuma a Birtaniya ta fara ne daga wajen fam 55,000. Hyundai Ioniq 5 N, wadda masu gwajin motoci suka yaba ƙwarai, ta haura tan biyu, farashinta a Amurka ya wuce dala 60,000, kuma abin dariyar shi ne sai da injiniyoyinta suka sa mata ƙarar inji ta bogi da canjin giya na bogi domin direba ya ji kamar yana cikin motar fetur. Ban ce ba za a kai ga batir mara nauyi ba, amma a halin da ake ciki duk motar lantarkin da ta yi daɗin tuƙi ba ta da araha, wadda ta yi araha kuma ba don daɗin tuƙi aka yi ta ba.

Baba Isyaku, Kakuri:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake taya ni bugawa. Ni a masana'antar Peugeot ta Kakuri na yi ƙuruciyata, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ina so ku san cewa garin nan ya taɓa fitar da irin motar da ta ci gasar tsere ta duniya, ko da yake ba da wannan sunan muke kiranta ba. A shekarar 1975 ɗin nan Peugeot 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya, wadda take cikin mafi wahalar gasannin mota a duniya, a 1978 kuma mai ƙofa biyunta mai silinda shida ta sake ci. Ƙafafun baya ne suke tura 504, kamar dai motocin da kuke yabo, giyarta ta hannu ce, kuma cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta tsoron rami ko tudu. Malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati suna karɓar rancen mota su saye ta sabuwa fil, da ledarta a kujera. Wanda ya taɓa kama hanyar Zariya da 504 mai lafiya da sassafe ya san abin da Injiniya take nufi da mota mai amsa umarni.

Abin da nake so in ce shi ne, kowace ƙasa titinta take dubawa ta ƙera abin wasanta. Bajapane ya dubi hanyoyin duwatsunsa masu lanƙwasa ya yi ƙaramar mota mai manne wa ƙasa, Ba'amurke ya dubi miƙaƙƙen titinsa ya yi mai babban inji. Mu kuwa muna ta jayayya a kan takalmin da ba a auna da ƙafarmu ba. Sannan akwai abin da babu wanda ya taɓo: a ina za a tuƙa ta? Ba mu da filin da aka keɓe don wannan a Kaduna, alhali masu wasan folo suna da nasu tun zamanin Turawa. Shi ya sa yara suke mayar da titin unguwa da ranar ɗaurin aure wurin wasan mota, kuma duk mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda haka. Ni da a tambaye ni, da na ce a samar da fili tukuna kafin a yi kukan tsadar mota.

Sadiq:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar fili gaskiya ce kuma ban da abin cewa a kanta. Amma maganarka ta titi tana goyon bayana ne ta wata fuskar. Idan har abin da ya dace da mu shi ne mota mai ɗagaggen ciki da ƙarfin tashi, ba lallai sai mai kama da MX-5 ba, to kamfanonin Sin sun fi kowa saurin ƙera abin da kasuwa ta nema a farashin da za ta iya biya. Haka aka raina baburansu da farko, yau su ne suka cika garin nan, kuma makanikai sun koyi gyaransu, kayan gyaransu kuma har a ƙauye akwai. Malam Sabo ma na tabbata lokacin da motoci masu kwamfuta suka fara shigowa an ce ba za a iya gyara su a nan ba, yau ga shi da na'urar bincike a garejinsa.

Malam Sabo:
Ina da ita, kuma na koya, ban musa ba. Amma babur dubu nawa ne suka shigo kafin ɗan kasuwa ya ga riba a kawo kayan gyaransu? Kayan gyara yawa suke bi. Motar wasa kuwa ko a ƙasar da aka ƙera ta ba ta da yawa.

Alhaji Garba:
Malam Sabo ya taɓo inda nake son zuwa, kuma a nan ne zan ɗan koma bayan Malam Nuhu, duk da na ce naira ce babbar matsalarmu. Mu a kasuwar nan tuwon jiya muke ɗumamawa. Abin da ake ƙerawa a Japan da Amurka yau shi ne zai iso filina bayan shekara takwas ko goma, lokacin da farashinsa ya faɗi ya kai inda mutanenmu za su iya. Dalilin da ya sa ake samun 350Z da Camaro da Challenger a Abuja da Kaduna yanzu shi ne an ƙera su da yawa a shekarun baya, suka yi yawa a gwanjo, farashinsu ya karye. To Camaro an daina, Challenger mai fetur ta da an daina, sabuwar Z kuma kaɗan ake sayarwa idan aka kwatanta da yadda aka sayi 350Z. Abin da aka ƙera kaɗan ba ya araha idan ya tsufa, tsada ma yake ƙarawa. Ku dubi Honda S2000, wadda aka daina a 2009: mai lafiyarta a Amurka yau tana kai kuɗin da aka saye ta sabuwa, wani lokaci ma ta wuce, domin masu sha'awa sun san ba za a sake yin irinta ba. Saboda haka ko da Injiniya ta yi gaskiya cewa sabuwar MX-5 ba ta yi tsada ba a can, kuma ko da naira ta farfaɗo gobe, abin da za mu tarar a gwanjo nan da 2035 jif-jif ne da motocin batir da suka gaji. Rijiyar da muke ɗiba ce take ƙafewa daga tushe, kuma ba za mu ji ƙishin ba sai nan gaba.

Malam Nuhu:
Alhaji, ka faɗi abin da na kasa faɗa da kyau. Na janye rabin maganata: Injiniya ta gamsar da ni cewa waɗanda suka rage ba su yi tsadar da na zata ba, kuma na yarda kalmar kwaɗayi ta yi nauyi ga kamfanin da ya haɗa kai da abokin hamayyarsa don kada motar ta mutu. Amma rabin da ya rage ina nan a kansa. A shekarun 1990 saurayi a Japan ko Amurka yana da zaɓi tsakanin Celica da MR2 da Prelude da Integra da 240SX da Eclipse da MX-5, kowane kamfani da tasa, kuma gasar da ke tsakaninsu ita ce take danne farashi. Yau idan ka cire MX-5 da tagwayen Toyota da Subaru, me ya rage a ƙasa da dala 35,000 mai tura ƙafafun baya da giyar hannu? Kasuwar da rumfuna biyu suka rage a cikinta ba za a ce tana ci ba, ko da masu rumfunan suna sayarwa da rahusa.

Injiniya Bilkisu:
Wannan tambayar ta fi ta farko ƙarfi, Malam, kuma amsarta ba ta yi mini daɗi ba, domin kusan babu. Abin da nake hasashe, kuma hasashe ne kawai, shi ne ba lantarki zalla ne zai gaji waɗannan motocin nan kusa ba, masu haɗa fetur da ƙaramin batir ne, domin suna cika sharuɗɗan hayaƙi ba tare da ɗaukar nauyin rabin tan na batir ba. Honda ta dawo da sunan Prelude a 2025 a wannan siffar, da doki 200, amma babu giyar hannu, ƙafafun gaba ne suke ja, kuma farashinta a Amurka ya haura dala 40,000, wato ta fi GR86 tsada alhali ba ta kai ta ƙarfi ba. Idan wannan ce hanyar da sauran za su bi, to Malam Nuhu zai yi gaskiya nan gaba ko da bai yi ba a yau. Malam Sabo, kai da kake ganin Prius da Camry masu batir a gareji, yaya suke yi da zafinmu idan sun tsufa?

Malam Sabo:
Waɗannan da sauƙi, Injiniya, domin batirinsu ƙarami ne kuma gida-gida yake, idan ɗaya ya mutu ana iya cire shi a sa wani, kuma yanzu akwai yaran da suka ƙware a kan haka. Babban abin da ke kashe su shi ne ƙurar hunturu da take toshe fankar da ke sanyaya batirin, masu motar kuma ba su san ma akwai ta ba sai fitila ta kama a gaban direba. Idan irin wannan tsarin za a sa wa motar wasa, zan iya riƙe ta. Amma Alhaji, tun da ka ce rijiyar tana ƙafewa, akwai wata 350Z mai giyar hannu da na ga an ajiye a bayan filinka tun kafin azumi, tayoyinta har sun fara sacewa. Kafin masu sha'awa su farga su ɗaga mata kuɗi, ka faɗa mini nawa za ka bar mini ita, kuma ka yi mini farashin tsohuwar dala.